Ɗaukar Hoton Ruwan da ke Taruwa a Ƙarƙashin Tantanin Gani Sakamakon Rami a Kan Jijiyar Ido

1.0 Gabatarwa

Akasarin cututtukan ido da jama'a suka saba da su, irin su yanar ido da hakiya da dundumi, ko dai ana ganin alamarsu daga waje, ko kuwa suna zuwa ne tare da tsufa ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Akwai kuma wasu da ke ɓoye can a bayan ƙwayar ido, inda ido da kansa ba ya iya gani sai da taimakon na'ura. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne ruwan da ke taruwa a cikin tantanin gani da kuma ƙarƙashinsa, ga mutumin da aka haifa da ɗan rami a kan jijiyar ganinsa. Mai wannan lalura yakan yi shekara ashirin ko talatin yana gani garau, sai rana ɗaya ya lura cewa layin rubutu ya fara karkacewa, fuskar wanda yake kallo kuma ta dusashe daga tsakiya, alhali idon bai yi ja ba, bai kumbura ba, kuma ba ya ciwo.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda aka bi aka kai ga ganin wannan ruwa a hoto, tun daga madubin leƙen ido na ƙarni na 19 har zuwa na'urorin yau masu yanka hoto da haske. Za a nuna cewa kowace na'ura da ta fito ta sauya fahimtar masana game da wurin da ruwan yake kwanciya, amma har yanzu hoto bai raba gardamar da ake yi game da mafarinsa ba. Kafin a kai ga haka, ya dace a fara da fasalin wurin da abin yake faruwa.

2.0 Fasalin Bayan Ido

Ƙwayar ido ta baligi tana da tsawon kimanin milimita 24 daga gaba zuwa baya. Mafi yawan cikinta cike yake da wani ruwa garai-garai mai kauri kamar farin ƙwai, wanda za a riƙa kira ruwan yauƙi a wannan maƙala. Bangon da ke bayan wannan ruwa lulluɓe yake da wani siririn tantani mai karɓar haske, wanda likitoci ke kira ratina, mu kuma za mu kira shi tantanin gani. Duk da cewa kaurinsa bai kai rabin milimita ba, shimfiɗu goma ne a jere, wata bisa wata. Ta can ƙarshe, wato ta goma, shimfiɗa ce mai duhun launi wadda aikinta ya haɗa da ciyar da ƙwayoyin karɓar haske da kuma zuƙe duk wani ruwa da ya ratso ƙarƙashinsu. Wannan zuƙa da take yi ba dare ba rana tana daga cikin abubuwan da ke riƙe tantanin gani a manne da bangon ido.

Wurare biyu ne a wannan tantani suka shafi batunmu. Na farko shi ne cibiyar gani, wadda likitoci ke kira makula. Faɗinta kimanin milimita 5.5 ne, kuma da ita ake karatu, da ita ake zura zare a allura, da ita ake shaida fuska. A tsakiyarta akwai ɗan loɓawa inda gani ya fi kaifi. Na biyu shi ne kan jijiyar gani, wato wurin da zaruruwan jijiya kimanin miliyan 1.2 suke haɗuwa su fice daga ido su nufi ƙwaƙwalwa. Idan aka leƙa, yakan bayyana kamar ƙaramin faifai mai faɗin kimanin milimita 1.5. Yana ta ɓangaren hanci, cibiyar gani kuma tana ta ɓangaren kunne, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce 'yan milimitoci ba.

Abu na uku da ya kamata a riƙe shi ne cewa jijiyar gani, da zarar ta fita daga ƙwayar ido, tana tafiya ne a cikin kube, kuma wannan kube ci gaba ne na tantanin da ya naɗe ƙwaƙwalwa. A cikinsa akwai ruwan da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka. Ke nan kan jijiyar gani iyaka ce tsakanin ruwa biyu: ruwan yauƙi daga gaba, ruwan ƙwaƙwalwa daga baya. Abin da ya raba su shi ne wata 'yar faranti mai huji-huji kamar rariya, wadda zaruruwan jijiya ke bi ta cikinta.

3.0 Ramin da Ire-irensa

A shekarar 1882 ne wani likita mai suna Wiethe ya fara bayyana wannan rami a rubuce. Ɗan gurbi ne mai siffar ƙwai ko da'ira, launinsa toka-toka ko fari-fari, a kan faifan jijiya. A wurin da yake, rariyar da aka ambata takan kasance da giɓi, sai wani yanki na tantanin gani da bai ginu daidai ba ya faɗa ta giɓin ya zama 'yar jaka mai nufar baya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana samun sa ga mutum 1 cikin kimanin 11,000, maza da mata ba bambanci, kuma a kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na masu shi, ido ɗaya ne kawai yake shafa. Mafi yawan ramukan suna gefen faifai da ke fuskantar cibiyar gani, kuma wannan kusanci shi ne tushen matsalar.

Ramin shi kaɗai ba lalle ne ya hana gani ba. Da yawa daga masu shi ba su san da shi ba sai ranar da aka duba idonsu saboda wani dalili na daban. Sai dai bincike-bincike sun nuna cewa tsakanin kashi 25 zuwa 75 cikin ɗari na masu ramin, ruwa yakan taru musu a cibiyar gani, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40 da haihuwa. Faɗin wannan tazara ta alƙaluma ya samo asali ne daga ƙarancin masu lalurar, domin kowane bincike 'yan mutane kaɗan ya duba.

Ramin yana da 'yan'uwa guda biyu da ake sa su a rukuni ɗaya. Akwai babban giɓi da ake kira kolobama, wanda ke faruwa idan tsagar da ke ƙasan ido a lokacin halittar ɗan tayi ba ta rufe sosai ba a tsakanin mako na 5 da na 7 na ciki. Akwai kuma wata tawaya da Kindler ya bayyana a 1970, inda kan jijiya ke faɗaɗa ya zurma kamar mazurari, jijiyoyin jini kuma su fito daga gefensa a jere, har ya kamanta shi da wani fure mai buɗewa da safe. Dukkan ukun suna iya jawo taruwar ruwa, amma wannan maƙala za ta fi tsayawa a kan ƙaramin ramin, domin a kansa ne aka fi yin aikin ɗaukar hoto.

4.0 Kallo Daga Sama

4.1 Madubin Leƙen Ido

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, babu wanda ya iya ganin bayan idon rayayyen mutum. A 1851 Hermann von Helmholtz, masanin kimiyya na ƙasar Jamus, ya buga bayanin madubin da ke jefa haske ta baƙin ido, ya kuma bai wa mai dubawa damar kallo ta hanyar da hasken ya bi. Da irin wannan madubi ne aka gano ramin. Amma an ɗauki shekaru da dama kafin a tabbatar da alaƙarsa da kumburin cibiyar gani. Aikin Kranenburg na 1960 yana daga cikin waɗanda suka kafa wannan alaƙa.

Abin da madubi ke nunawa shi ne wani tudu mai santsi da ya taso daga gefen faifai ya mamaye cibiyar gani. Tun da kallon daga sama ake yin sa, sai aka ɗauka cewa tantanin gani ne gaba ɗayansa ya ɗago, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa, kamar yadda yaɓe ke rabuwa da bango idan danshi ya shiga tsakaninsu. Wannan fahimta ta daɗe ana tafiya a kanta.

4.2 Hoton Rini

A 1961 Novotny da Alvis, waɗanda suka fara aikin suna ɗaliban likitanci a Jami'ar Indiana ta Amurka, suka buga hanyar ɗaukar hoton jijiyoyin jinin ido ta yin amfani da wani rini mai suna fulorasin. Ana yin allurarsa a jijiyar hannu, cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya isa ido, sai a haska shuɗin haske, rinin ya mayar da kore, a yi ta ɗaukar hotuna bi da bi. Duk inda jijiyar jini take yoyo, rinin zai tsiyaye ya bazu a wurin.

Da aka gwada wannan hanya ga masu ramin, sai aka ga ramin ya yi duhu a hotunan farko, daga baya ya ɗauki rini ya yi haske, amma ba a ga wani takamaiman wurin yoyo a cibiyar gani ba. Wannan ya yi amfani ta fuska biyu. Na farko, ya raunana ra'ayin masu cewa daga jijiyoyin jini ruwan yake fitowa. Na biyu, ya taimaka wajen bambance wannan lalura da wata mai kama da ita wadda ta fi yawa, musamman ga maza matasa da masu shan magungunan sitiroyid, inda ruwa ke ɓullowa daga ƙarƙashin shimfiɗa mai duhu, rini kuma ya nuna ɗigon yoyon a fili.

4.3 Hasashen Lincoff

A 1988 Harvey Lincoff da abokan aikinsa suka yi nazarin hotuna masu nuna zurfi, wato hotuna biyu na wuri ɗaya da aka ɗauka daga kusurwa daban-daban. Suka ce tudun da ake gani ba hawa ɗaya ba ne, hawa biyu ne. A ganinsu, ruwa yana fara shiga tsakanin shimfiɗun tantanin ne ya tsaga su, sannan daga baya huji ya buɗe a shimfiɗun waje, ruwan ya zuba ƙasa ya ɗaga cibiyar gani. Idan aka koma ga misalin bango, suna nufin danshin ya fara raba yaɓen kansa gida biyu kafin ya ɓamɓare shi daga bango. Hasashe ne mai ƙarfi, sai dai a lokacin babu na'urar da za ta tabbatar da shi a idon rayayye.

5.0 Kallo Daga Gefe

5.1 Yadda Na'urar OCT ke Aiki

A 1991 David Huang da abokan bincikensa, a ɗakin gwaje-gwajen James Fujimoto na cibiyar MIT da ke Amurka, suka buga bayanin wata sabuwar hanya da aka fi sani da taƙaitaccen sunanta, OCT. Aikinta shi ne fito da hoton tantanin gani kamar an yanka shi da wuƙa an kalle shi daga gefe, ba tare da an taɓa idon ba.

Tushen dabarar shi ne amsa-kuwa. Wanda ya yi kira a bakin rijiya yana iya ƙiyasta zurfinta daga jinkirin dawowar muryarsa, kuma a kan wannan ne aka gina na'urar duba ciki da ake yi wa masu juna biyu. OCT tana amfani da haske ne a madadin sauti. Sai dai haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka babu agogon da zai auna jinkirinsa a tazarar da ba ta kai milimita ba. Mafitar ita ce a raba hasken gida biyu. Kashi ɗaya ya shiga ido, ɗayan ya tafi ga wani madubi da aka san nisansa. Idan suka dawo sai a haɗa su. Ba sa yin tasiri a kan juna sai idan tafiyar da suka yi ta yi daidai da juna, saboda haka daga wannan tasiri ake gane zurfin da hasken ya kai kafin ya dawo. Kowace shimfiɗa tana mayar da haske gwargwadon yanayinta: wata da yawa, ta fito fari, wata kaɗan, ta fito toka-toka. Ruwa garai-garai kuwa kusan ba ya mayar da komai, don haka yakan fito baƙi ƙirin. Idan aka jera ɗaruruwan irin wannan awo kusa da juna, sai hoton yanka ya bayyana.

Na'urar farko ta shiga kasuwa a 1996. Irin da ta yaɗu a farkon shekarun 2000 tana yin awo 400 a daƙiƙa, tana kuma iya bambance abubuwa biyu da ke da tazarar maikiron 10 a tsakaninsu. Maikiron guda shi ne kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Daga 2006 aka samu sabon zubi da ke auna dukkan zurfin a lokaci guda, wanda ya kai awo fiye da 20,000 a daƙiƙa da kaifin maikiron 5 zuwa 7. A 2008 Richard Spaide ya nuna dabarar matso da na'urar kusa da ido domin a ga abin da ke can ƙasa da tantanin. Bayan haka aka fito da wani zubi mai amfani da haske mai ratsawa da nisa, wanda ke yin awo 100,000 a daƙiƙa. A 2023 aka bai wa Fujimoto da Huang da Eric Swanson lambar yabo ta Lasker saboda wannan ƙirƙira.

5.2 Abin da Hoton ya Nuna

Shekarar da na'urar ta fito, wato 1996, ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ƙarƙashin Krivoy ɗaya ƙarƙashin Rutledge, suka buga hotunan idanu masu wannan rami. Hotunan sun gaskata Lincoff a babban batu: lalle akwai ruwa a tsakanin shimfiɗun tantanin, kuma wannan ruwa yana haɗe da gefen faifai inda ramin yake. A hoton, wurin yakan fito kamar ɗaki mai duhu da siraran ginshiƙai a tsaye, waɗanda ƙwayoyin da ke tallafe da tantanin ne suka miƙe ba su tsinke ba. Kasancewar waɗannan ginshiƙai shi ya sa mai lalurar yake iya ci gaba da gani gwargwado muddin ruwan bai sauka ƙasa ba.

Da na'urori suka ƙara kaifi, sai aka ga cewa lamarin ya fi yadda Lincoff ya zata sarƙaƙiya. Binciken Imamura da abokan aikinsa na 2010 ya nuna cewa ruwan yana iya kwanciya a shimfiɗu daban-daban a ido guda, ya fi yawa a shimfiɗar da ke ɗauke da jikin ƙwayoyin karɓar haske, kuma hujin da Lincoff ya yi hasashe ba a same shi ba sai a ƙalilan daga cikin idanun. Wato a wasu mutane ruwan yana bin matakai biyun da ya faɗa, a wasu kuma yana ratsawa ƙasa ba tare da wani huji da ake iya gani ba. Haka kuma a 2013 Ohno-Matsui da abokan aikinta a Japan, da na'ura mai ratsawa da nisa, suka nuna cewa a wasu idanu kuben da ke ɗauke da ruwan ƙwaƙwalwa yana dab da gindin ramin, siririn bango ne kawai ya raba su.

A yau likitan da ya karɓi irin wannan hoto yakan nemi amsar tambayoyi huɗu. Shin ruwan yana cikin tantanin ne, ko ƙarƙashinsa, ko duka biyu? Shin yana haɗe da faifan jijiya? Shin layin ƙwayoyin karɓar haske a tsakiyar cibiya yana nan a miƙe, ko ya yanke? Shin ruwan yauƙi yana manne da bakin ramin yana jan sa? Tambaya ta uku ita ce ta fi nuna makomar gani, domin ƙwayoyin karɓar haske idan suka mutu ba sa sake tohowa.

6.0 Daga Ina Ruwan Yake Fitowa?

A nan ne iyakar hoto take bayyana. OCT tana nuna ruwa a matsayin baƙin fili, amma ruwan yauƙi da ya narke da ruwan ƙwaƙwalwa duk baƙi suke fitowa. Saboda haka hujjojin da ake kafawa sun fito ne daga wasu hanyoyi.

Masu cewa ruwan yauƙi ne suna dogara da gwajin da Brown da abokan aikinsa suka buga a 1979. Sun yi amfani da wani jinsin karnuka na Turai da ake yawan haifa da irin wannan tawaya. Da suka zuba tawada a ruwan yauƙi, sai aka same ta a ƙarƙashin tantanin gani, amma ba su sami hanya tsakanin wurin da ruwan ƙwaƙwalwa ba. Bugu da ƙari, likitocin tiyata sun ga iska ko man da suka zuba a cikin ido sun bi ta ramin sun shiga ƙarƙashin tantanin.

Masu cewa ruwan ƙwaƙwalwa ne, ra'ayin da Donald Gass ya gabatar a 1969, su ma suna da abin nunawa. Ana samun lalurar ga yara ƙanana waɗanda ruwan yauƙinsu bai fara narkewa ba. Kuma a 2006 Kuhn da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani majinyaci mai wannan rami da aka zuba wa man silikon a ido, daga baya hoton ƙwaƙwalwa ya nuna man ya isa cikin kansa. Idan mai ya iya bin hanyar ya tafi, ruwa ma zai iya biyo ta ya zo.

A 2004 Johnson da Johnson suka kawo bayanin da ke ƙoƙarin haɗa ra'ayoyin biyu. Matsin da ke cikin ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, kuma ba ya sauyawa ƙwarai. Matsin ruwan ƙwaƙwalwa kuwa yana hawa da sauka: yana ƙaruwa idan mutum ya kwanta ko ya yi tari ko ya yi yunƙuri, yana raguwa idan ya miƙe tsaye. A ganinsu, 'yar jakar ramin tana aiki ne kamar zugazugin maƙeri. Idan matsin baya ya sauka sai ta buɗe ta zuƙi ruwa, idan ya hau sai ta matse ta fesa shi cikin tantanin da ke gefenta. Ruwan da take zuƙa yana iya zama na gaba ko na baya, gwargwadon inda bangonta ya fi rauni. Wannan bayani ya sami karɓuwa sosai, kodayake masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma yana yiwuwa amsar ta bambanta daga ido zuwa ido.

7.0 Amfanin Hoto Wajen Magani

Muhimmancin wannan batu yana ga abin da ke faruwa idan aka bar ruwan. A kusan kashi 25 cikin ɗari yakan janye da kansa. Amma binciken Sobol da abokan aikinsa na 1990, wanda ya bi majinyata 15 tsawon shekaru, ya nuna cewa kashi 80 cikin ɗari ganinsu ya faɗi zuwa 6/60 ko ƙasa da haka. Ma'anar 6/60 ita ce abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 60, shi sai ya matso mita 6.

Hanyoyin magani sun bi sawun fahimtar da hoto ya kawo. Da farko an riƙa ƙona gefen faifai da hasken leza domin a yi tabo ya zama shinge, amma sakamakon bai gamsar ba, kuma OCT ta bayyana dalili: leza tana aiki ne a shimfiɗun ƙasa, ruwan kuwa yana bi ta tsakiyar tantanin, sama da shingen. A 1996 Theodossiadis na ƙasar Girka ya gabatar da hanyar ɗaura soso a bayan ƙwayar ido ya tokare cibiyar gani. Hanyar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce cire ruwan yauƙi ta tiyata, a raba shi da bakin ramin, sau da yawa a cika idon da iskar gas wadda ke bajewa da kanta cikin makonni. A rahoton Hirakata da abokan aikinsa na 2005, idanu 10 cikin 11 da aka yi wa haka tantaninsu ya koma mazauninsa, sai dai an ɗauki kusan shekara guda kafin ruwan ya ƙafe gaba ɗaya. A 2014 Ooto da abokan aikinsa suka bayyana wata dabara ta huda shimfiɗun sama kusa da ramin, domin ruwan ya sami mafita zuwa cikin ido kafin ya isa cibiyar gani.

Wannan jinkiri na ƙafewar ruwa darasi ne babba. Likitan da ke dogara da madubi kaɗai zai iya ɗauka aikin bai yi ba bayan wata biyu ko uku, ya sake shiga idon ba tare da buƙata ba. Hotunan OCT da ake ɗauka a wuri ɗaya lokaci bayan lokaci suna auna kaurin cibiyar gani da maikiron, su nuna ko ruwan yana raguwa ko da majinyaci bai fara jin sauƙi ba.

Hoto yana kuma hana ruɗani ta wasu fuskoki. Cutar hawan jinin ido, wato gilakoma, tana iya haƙa rami a kan jijiyar gani wanda ba na haihuwa ba ne, kuma maganinsa daban yake. Wannan bambanci yana da muhimmanci a Nijeriya, inda binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa gilakoma ce ta biyu wajen haddasa makanta, bayan yanar ido. Haka nan yaron da aka samu da tawaya mai siffar mazurari ana buƙatar yi masa hoton ƙwaƙwalwa, domin takan zo tare da giɓi a gindin ƙoƙon kai ko ƙuntatar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Wasu ire-iren kolobama na jijiya kuma suna tafiya da ciwon ƙoda na gado, don haka akan duba ƙodar majinyaci da ta danginsa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi matakan da aka taka wajen ganin ruwan da ke taruwa a cibiyar gani sakamakon rami a kan jijiyar ido. Madubin Helmholtz ya nuna ramin da tudun da ke gefensa. Hoton rini ya nuna cewa ba yoyon jijiyoyin jini ba ne. OCT ta nuna cewa ruwan yana tsaga tantanin kansa, ta kuma ba da ma'aunin da ake bin sawun magani da shi. Abin da ya rage shi ne tantance mafarin ruwan a kowane ido, domin a kan wannan ne zaɓin tiyata mafi dacewa zai dogara.

Ga mai karatu kuwa, abin lura shi ne lalurar ido ɗaya take kamawa galibi, kuma ido mai lafiya yakan rufa wa marar lafiya asiri har lokaci ya ƙure. Rufe ido ɗaya a kalli layin rubutu ko gefen ƙofa, sannan a sauya, gwaji ne da ba ya cin minti guda. Wanda ya ga miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, ko tsakiyar abin da yake kallo ya dusashe, ya kamata ya nemi likitan ido ya leƙa bayan idon, a kuma ɗauki hotonsa tun ƙwayoyin karɓar haske suna raye.